Shekarun da takwarar Inna ta yi tana zuwa ta ɗaya

Yayana, wanda nake bi, fataucin shanu yake yi. Tun yana aji huɗu na firamare ya ajiye jakar boko ya bi Baba kara, kasuwar shanu, kuma Allah ya buɗa masa a can. Kafin Baba ya rasu ya riga ya fara loda shanu a tirela zuwa Kudu. Ya rushe ɗakunan ƙasa na gidanmu na Unguwar Rogo ya zuba bulo, ya kai Inna Makka, ya aurar da ƙannenmu ba tare da ya nemi taimakon kowa ba. Duk wannan na yaba masa, har gobe ina yabawa. Wuri guda ne ya shiga da ƙafar da ba tasa ba, shi ne sha'anin karatun 'ya'yansa, kuma a nan ban taɓa ganin mutum mai wayo da aka yi wa wayo a sauƙaƙe kamarsa ba.

Ni malamar firamare ce a wata makarantar gwamnati da ke Tudun Wada, unguwar da nake aure. Duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci nakan kwashi yarana mu je gida gaida Inna. 'Yar Yaya ta fari sunan Inna ta ci, saboda haka babu mai kiran sunanta a gidan, takwara muke ce mata. Yarinya ce mai ido a buɗe, duk abin da aka faɗa a gabanta sau ɗaya ta riƙe shi ke nan. Da ta isa shiga makaranta, wata Juma'a muna zaune a tsakar gida Inna tana dama fura, sai na ce, "Yaya, bana sai a kawo mani takwara in rubuta ta a wurinmu."

Ya yi dariya har da buga cinya. "Makarantakku? Inda ɗiya ka zama ƙasa kamar masu jiran rabon zakka? A'a, Malama. Ɗiyata makarantar kuɗi za ta."

Ban yi masa musu ba, don abin da ya faɗa akwai shi. Ajina cike yake har bakin ƙofa, bencina sun daɗe da karyewa, in ana ruwa sai mu matsa gefe guda mu bar wa ɗigo rabin ɗaki. Na dai tambaye shi wace makaranta ce. Ya fara faɗin sunan ya sarƙe a tsakiya, sai ya ƙwala wa matarsa kira. Ta fito daga kicin tana goge hannu, ta jero sunan tiryan-tiryan kamar mai karanta addu'ar shiga kasuwa. Dogon suna ne, ƙarshensa Intanashinal.

Ranar Litinin da na tashi daga aiki na ratsa ta can don in ga wurin da idona. Ashe gidan da na sani ne, wani gidan haya a ƙarshen lungu, inda wata mai sayar da kalanzir ta taɓa zama. Ɗakuna uku da falo, da tsakar gidan da ko shanya ba ta isa a baje sosai. An shafe bangon waje da fenti shuɗi da rawaya, an zana raƙumin dawa da jirgin sama da wani ɗan Bature mai hular digiri yana washe baki. Na tsaya ina neman ƙasashen da suka haɗu a wannan lungu har makarantar ta zama ta ƙasa da ƙasa. Ban ga kowa ba sai awakin maƙwabta kwance a bakin ƙofa, sai dai in su ne aka kawo daga Nijar.

Mai makarantar ma na san shi. Lokacin da nake ƙaro karatu a jami'a, shagon fotokwafi gare shi a Kwalkwalawa, mu muke kai masa takardu yana buga mana, rabin shafi baƙi ƙirin rabi fari fat. Yanzu ya sa kwat da naktaye a tsakiyar zafin Sakkwato, kuma ba a kiransa sai da Darakta. Malamansa 'yan mata ne da suka gama sakandare suna jiran sakamako ko jiran ranar aure, kowane zango sai ka ga sababbin fuskoki. Ba na ganin laifinsu, aiki suka samu suka kama.

Cikin 'yan watanni gidanmu ya canza harshe. Yaya ya zama Dadi, matarsa ta zama Momi. Darakta ya aiko da saƙo cewa Hausa tana lalata bakin yaro, don haka kada a riƙa yi wa takwara ita a gida. Matar Yaya ta karɓi wannan doka hannu biyu, alhali nata Turancin bai wuce "kam hiya" da "sidon" da "sitof dat" ba. Da waɗannan ukun ta yi renon yarinyar shekara da shekaru, in magana ta fi ƙarfinsu sai ta rage murya ta yi Hausa kamar mai satar nama a tukunya. Inna kuwa ta wayi gari jikarta tana ce mata Girama. Ta dube ni ta ce, "Wagga yarinya mi taka hwaɗi?" Na ce kaka take nufi. Ta ce, "To, in girma taka roƙa mani, Allah shi ba ta nata."

Ƙarshen zangon farko takwara ta zo ta ɗaya. Aka ba ta wani ɗan kofin roba mai ruwan zinare. Yaya ya sa aka kawo tsire da lemo aka raba wa maƙwabta, kofin kuma aka ɗora shi a kabat mai gilashi tsakanin tangaran ɗin auren matarsa. Zango na biyu ta sake zuwa ta ɗaya. Na uku ma haka. Tafiya ta yi tafiya har aka fara kwashe tangaran ana kai su ɗaki don kofuna su sami wuri. Nawa yaran a makarantarmu tsakiya suke zuwa, babban ma akwai zangon da ya kusa taɓa ƙasa. Matar Yaya ba ta taɓa mantawa ta tambaye ni su ba, da wata murya mai taushi irin ta zuwa gaisuwar mara lafiya. "Goggon yara, naki na nawa sunka zo? Ayya. Ai kowa da irin kansa."

Tana aji uku na gane abin da ake ciki. Yaya ne da kansa ya jawo, don ya ce ta ɗauko littafinta ta karanta wa Goggo, in ji yadda ake karatu. Ta ɗauko, ta tsaya ƙyam, ta buɗe shafi ta fara zubo Turanci da wata waƙa-waƙa. Yaya yana gyaɗa kai, matarsa tana kallona ta wutsiyar ido. Ni kuwa aikina ke nan, yatsan yaro nake kallo. Yatsanta ya riga ya kai ƙarshen shafi bakinta yana tsakiya, idonta kuma yana kan hoton. Na ce, "Madalla. Kawo in gani." Na buɗe can gaba, na ɗora yatsa a kan wata kalma mai harafi uku, na ce ta karanta mani wannan kaɗai. Ta dube ni, ta dubi uwarta, sai ta ja numfashi ta sake faro wancan shafin na farko daga kansa.

Da iyayen suka shiga ɗaki na ja takwara gefe, na ɗauki gawayi na rubuta "baba" a kan siminti. Ta san haruffan in za ta rera su a jere daga farko. In aka ware guda aka ce mene ne wannan, sai ta faro waƙar tana ƙirgawa da yatsu har ta iso kansa. Haɗa biyu su ba da sauti kuwa babu wanda ya taɓa nuna mata. Yarinyar da ta fi kowa hadda a Islamiyya, wadda za a iya koya wa karatu cikin wata biyu, an mayar da ita rediyo.

Na sami Yaya a zaure shi kaɗai, na rage murya na gaya masa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malama, ke da bakinki? Yarinya ta zo ta ɗaya tun ran da tas shiga, ke kuma ki ce ba ta iya karatu ba. To su waɗanda sunka ba ta ta ɗaya mahaukata na?"

Na ce, "Yaya, gwada ta da kanka. Nuna mata kowace kalma."

"Ni na san mi ka damunki," in ji shi. "Ki roƙi Allah shi buɗa kan naki ɗiyan, ki bar hassada. Ba halin gidanmu ba ta."

Ashe matarsa tana bayan ƙyaure. Kafin Juma'a ta zagayo, dangi kaf sun ji cewa ina baƙin ciki da 'yar ɗan'uwana. Wata gwaggonmu har gida ta zo yi mani nasiha a kan zumunci. Daga nan na kama bakina. In na je gida sai in wuce ɗakin Inna kai tsaye, mu gaisa, in fito. Inna ba ta taɓa cewa komai a kan maganar ba sai sau ɗaya, da ta ce, "Ɗan'uwanki ba shi son a hwaɗa mai abin da bai sani ba. Haka ubanku yake." Takwara takan leƙo ta ce, "Gud aftanun, Goggo," in amsa mata da Hausa, ta yi murmushi ta gudu.

Asiri ya tonu ne a gidan suna, kuma ba ni na tona ba. Wata 'yar'uwar matar Yaya ce ta haihu a Tudun Wada, kusa da gidana, babu yadda zan ƙi zuwa. Mata cike da tsakar gida, an baje tabarmi, ana ta miƙa masa da miya. Matar Yaya tana tsakiya, ba a daɗe ba ta kai hira inda take kai ta kullum.

"Ni wallahi har tausayin yarinyar nika ji," in ji ta. "Kullum ita ta ta ɗaya. Tsoron baki nika yi mata."

Wata mata, matar wani mai atamfofi a babbar kasuwa, ta tambayi sunan makarantar. Da ta ji sai ta ajiye masar da ke hannunta. "Aji nawa take?"

"Aji huɗu."

"Ikon Allah. Ai ɗana shi na na ɗaya a aji huɗu. Tun rabin aji bai taɓa sauka ba."

Matar Yaya ta yi 'yar dariya ta ce wataƙila ajin kashi biyu ne. Matar mai atamfa ta ce ɗaki guda ne, mai taga tana kallon makewayi, ita da kanta take kai masa abinci. Kafin su gama wannan, wata daga can gefe ta zaro waya tana laluben hoto, ta miƙo. Ga 'yarta nan da yunifom iri ɗaya, riƙe da kofin roba mai ruwan zinare. Waya ta fara yawo hannu zuwa hannu. Sai ga wata ta ce ita ma jikanta yana da irinsa a kan talabijin. Tsakar gida ta kaure, kowace tana rantsuwa da nata kofin, kowace tana kallon 'yar'uwarta kamar ta kama ta da sata.

Akwai wata siririyar mata, matar tela, a cikinsu. Can sai ta miƙe tsaye. "To wai mu kaɗai anka rena? Ɗana na biyu shika zuwa. Kowane zango sai ubanai ya zane shi don mi bai zo na ɗaya ba. Ashe kowa na ɗaya na, mu ɗai munka rasa!" Ta ja mayafinta ta fita, ko jaririyar ba ta tsaya gani ba.

Ni dai masa nake ci. Ban ɗaga kai ba, kuma ban taɓa cin masa mai daɗin ta ranar ba. Matar Yaya ta tattara jakarta tun kafin la'asar, ta wuce ta gabana tana kallon bango.

Washegari da safe ina shirin fita sai ga motar Yaya a ƙofar gidana, abin da ya daɗe bai faru ba. Bai ko shigo ba. "Shirya ki raka ni makarantar nan," in ji shi. "Ke kin san yarensu." Idonsa ja, hular ma a karkace. A hanya yana ta faɗin abin da zai yi wa Darakta. Na ce a raina yau dai Allah ya kawo ƙarshen abin.

Ofishin Darakta tsohon kicin ɗin gidan ne, har yanzu da tabon hayaƙi a saman bango inda fenti bai kai ba. Yana ganin Yaya ya taso da hannu biyu. "Alhaji! Ranka ya daɗe, da kanka? Ai da aikowa ka yi in zo." Ya goge kujera da hankicinsa, ya aika a sayo lemo mai sanyi, ya juya fanka ta fuskanci Yaya shi kaɗai. Daga inda na zauna ina hango wani kwali a ƙarƙashin teburinsa, a buɗe, cike da kofunan nan kamar ƙwai a kiret.

Yaya ya faɗi abin da ya kawo shi, da faɗa. Darakta ya saurara yana murmushi irin na likitan da aka kawo wa ciwon da ya saba gani.

"Alhaji, na ji daɗi da ka zo. Wannan shi ne tsarin zamani. A ƙasashen da suka ci gaba an daina karya zuciyar yaro. Kowane yaro akwai fannin da ya fi kowa. Wani na ɗaya ne a tsafta, wani a ladabi, wani a zuwa da wuri." Ya matso da kujerarsa, ya rage murya. "Amma in aka haɗa duka aka tace, ta ɗayan gaske ɗiyarka ce. Sai dai don Allah maganar nan ta tsaya tsakaninmu, kada sauran iyaye su ji babu daɗi."

Na ga kafaɗun Yaya sun fara sauka. Na yi maza na ce, "To a kira ta mana. Ga kalanda nan a bango, ta karanta mana layi ɗaya."

Darakta ya juyo ya dube ni kamar yanzu ya lura da ni, ko da yake na tabbata ya tuna fuskata tun Kwalkwalawa. "Hajiya a gwamnati take koyarwa ko? Ai na gane. Ku har yanzu haruffa kuke bi. Mu sauti muke bi, tsarin Ingila. Yaro yakan tara abin a cikinsa, rana ɗaya sai ya fashe da karatu."

Na ce, "Ko da sauti ko da ganga, 'yar aji huɗu ta isa ta karanta sunan wata a kalanda."

"Ke, bari mutum shi yi bayani," in ji Yaya.

Bayanin da ya biyo baya ba na karatu ba ne. Darakta ya ce dama yana neman hanyar ganin Alhaji, domin makaranta tana son kafa ƙungiyar iyaye da malamai, kuma an duba an rasa mai kwarjini da sanin ya kamata da zai shugabance ta sai shi. Ya ce mutum irin Alhaji, wanda ya gina kansa da kansa, shi yara suke bukatar gani a gabansu. Yaya ya gyara zaman hularsa. Ya ce shi ba ya son shugabanci, amma in don yara ne ba zai ƙi ba. Mutumin da Fulani da 'yan Kudu suka kasa cuta a cinikin shanu, ga shi an saye shi da kwalbar lemo da iskar fanka.

A mota ya ce mani, "Kin ji ko? Ashe ke ce ba ki san sabon tsari ba. Ya kamata gwamnati ta riƙa tura ku kwas."

Ranar da su takwara suka gama aji shida, Yaya bijimi guda ya bayar. Aka toshe lungu da rumfuna, aka kunna janareta, aka sa wa yara baƙaƙen riguna har ƙasa da huluna masu tuntu, a cikin zafin da ko kare ba ya fita. Yaya yana babban tebur da babbar riga, an rubuta Ciyaman a gabansa. Takwara ce ta yi jawabin bankwana da Turanci, ta zubo shi daga farko har ƙarshe babu tuntuɓe, riƙe da takardar da ba ta iya karanta ko layi ɗaya a cikinta ba. Mutane suka tashi tsaye suna tafi. Inna tana gefena tana fifita da gefen mayafi, ta ce, "Mi tac ce?" Na ce godiya take yi wa Darakta. Ta ce, "Duk tsawon ga?" Na hango matar tela a layin gaba tana guɗa. Tun bayan rigimar gidan suna ɗanta ya koma na ɗaya shi ma.

Daga nan Yaya ya ɗauki takwara zuwa wata sakandaren 'yan mata da ake yabo, wadda ba a shiga sai da jarrabawa. Aka ba ta takarda aka ce ta karanta tambayoyi ta amsa. Ta rubuta sunanta, don shi ta iya zana shi, ta zauna har aka karɓe. Shugabar makarantar, wata dattijuwa da ba ruwanta da babbar rigar kowa, ta kira Yaya ta gaya masa a fili cewa 'yarsa ba ta iya karatu ba, a mayar da ita a koya mata tun daga tushe. Ya dawo gida yana cewa makarantar ta 'ya'yan 'yan boko ce, ba sa son ɗan kasuwa. Amma takwara tana tsaye a ofishin aka faɗi maganar, kuma ta kai shekarun da za ta gane. Inna ta ce mani yarinyar ta daina cin abinci sosai, ta daina fita ko ƙofar gida sai Islamiyya.

Wata ranar da yamma ina tankaɗe a tsakar gida na ji sallama ƙasa-ƙasa. Takwara ce da hijabin Islamiyya da jakarta, ta taho da ƙafa daga Unguwar Rogo ba tare da ta gaya wa kowa ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi ƙarasowa. Da Hausa ta yi magana.

"Goggo, ki koya mani."

Na ajiye rariya na shimfiɗa mata tabarma. Na ɗauko allon autana ɗan aji ɗaya, na rubuta ba, be, bi, bo, bu. Autan ya leƙo ya ga abin da babbar yayarsu take yi ya fashe da dariya, na kore shi waje, na ce duk wanda ya sake buɗe baki a kan wannan zai gamu da ni. Hawaye suna zuba a kan allon tana gogewa da hijabi, amma ba ta tashi ba. Na aika aka gaya wa Inna inda take, Inna kuma ta ce wa iyayenta ita ta aike ta, kuma za ta riƙa aikenta kullum. Babu wanda ya tambayi aiken mene ne. Sun sani, sun gwammace kada a faɗa.

Da Hausa muka fara, don ita ce a kunnenta. Kafin damina ta wuce tana karanta duk abin da ta gani, allon shaguna, bayan keke napep, kwalin ashana. Da ta kama yadda haruffa suke haɗuwa, Turancin da ta haddace shekara da shekaru ya fara zama kalmomi a idonta, takan tsaya ta ce, "Au, ashe haka ake rubuta shi!" Wata rana muna cikin karatu ta ajiye littafin.

"Goggo, tun yaushe kika sani?"

Na ce tun tana aji uku.

"Dadi ya sani?"

Na ce na gaya masa.

Ta ɗauki littafin ta ci gaba daga inda ta tsaya. Shekara guda ta rasa. Da shekara ta zagayo ta koma waccan sakandaren ta zauna jarrabawa, aka ɗauke ta. Ba ta ɗaya take zuwa a can ba, amma abin da ta samu nata ne.

Yaya bai taɓa ce mani na gode ba. Abin da yake gaya wa abokansa a kara shi ne maganar Darakta ta tabbata, yarinya ta tara ta tara, rana ɗaya ta fashe da karatu. Makarantar lungun kuwa mai gidan ya sayar da gidansa, yanzu fiya wata ake ɗurawa a ciki. Darakta ya koma wata unguwa ya kama gida mai bene, ya ƙara wa sunan makarantar kalma biyu. Ƙannen takwara maza biyu suna can, Yaya kuma shi ne Ciyaman har yau.

Kwanakin baya ya same ni a ɗakin Inna. Ya yi ta kewaye-kewaye a kan tsadar abincin shanu da lalacewar hanyar Kudu, sannan ya ce, yana kallon waje, ko zan riƙa duba masa yaran nan da yamma. "Ba wai ba su iya ba," in ji shi. "Ƙari dai. Amma don Allah da Turanci za ki yi musu, kada bakinsu shi lalace."

Na ce in Turanci yake so ga Darakta nan, ni da Hausa nake farawa. Inna ta ci gaba da jan carbinta kamar ba ta ji ba. Yaya ya sosa ƙeya, ya ce to, yadda na gani.

Washegari da la'asar direbansa ya sauke su a ƙofar gidana, kowanne da naktaye da jaka mai taya, gumi ya jiƙe musu wuya. Na sa suka kwance naktayen, suka cire takalmi da safa, na ba su ruwan randa suka sha. Babban ya gaya mani cewa shi ne na ɗaya a ajinsu. Na ce masa na ji, ya zauna a tabarma ya miƙo hannu in ba shi alli.